Filin Tambaya da Amsa: Karatun OT a Jami'a da Shirin Kama Aiki

A wannan fitowar mun tattara tambayoyin masu karatu game da kwas ɗin okufeshonal terafi, wanda ma'aikatan lafiya suka fi kira da OT a taƙaice. Mun rage tsawon wasu wasiƙun saboda ƙarancin fili, amma ba mu taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya daga wata ɗaliba mai shirin gama sakandare: Assalamu alaikum. Na ga sunan wannan kwas a jerin kwasa-kwasan lafiya. Wasu sun ce mini nema wa mutane aikin yi ake koyarwa a ciki, wasu kuma sun ce gashin ƙashi ne aka sauya wa suna. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwarmu. Duk su biyun ba su faɗi daidai ba, sunan ne yake ruɗar mutane, domin ma'anarsa ita ce jinya ta hanyar aiki. Abin da ake nufi da aiki a nan shi ne duk wata hidima da ke cika wa mutum yininsa: wanka, sa tufafi, zagawa bayi, kai cokali baki, rubutu, sana'a, wasan yara, zama cikin jama'a. Idan ciwo ko haɗari ko tsufa ko wata lalura da aka haifi mutum da ita ta raba shi da waɗannan, aikin jami'in OT ne ya mayar masa da su gwargwadon iko.

Ki ɗauki mutumin da shanyewar ɓarin jiki ta kama wa ɓangaren dama. Likitan fisiyo, wato mai gashin ƙashi, zai fi mayar da hankali a kan ƙarfin tsoka, tsayuwa da tafiya. Jami'in OT kuma zai zauna kusa da shi ya tambaye shi: daga tashinka barci zuwa kwanciyarka, me ka saba yi da kanka wanda yanzu ya gagara, kuma wanne ya fi ci maka rai? Idan ya ce sa riga, to akwai ƙofa uku da za a bi. Ana iya gyara mutumin, wato a horar da yatsun su dawo da riƙo. Ana iya sauya yadda ake yin aikin: a koya masa ya fara zura hannun da ya shanye cikin hannun riga, ya ja ta har sama da gwiwar hannu, sannan mai lafiyar ya biyo baya, wajen tuɓewa kuma mai lafiyar ne ke fara fita. Ana kuma iya sauya kayan ko wurin: a cire maɓallai a sa maɗauri mai mannewa, a ba shi kujera mai madogarin hannu ya riƙa zama a kai yana shiryawa. Ƙwararre yakan haɗa ukun a lokaci guda. Fannonin biyu suna aiki kafaɗa da kafaɗa, kuma sukan haɗu a wurare da yawa, musamman a kan hannu, amma kowanne da tambayar da yake farawa da ita.

Sana'ar ba sabuwa ba ce. A watan Maris na 1917 ne mutum 6 suka haɗu a garin Clifton Springs na jihar Niyok a Amurka suka kafa ƙungiyarta ta farko. A cikinsu akwai William Rush Dunton, likitan taɓin hankali, da Eleanor Clarke Slagle, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, da George Barton, mai zanen gine-gine wanda shi kansa ya sha fama da tarin fuka. Ki lura da wannan haɗin, domin har yau haka fannin yake: ƙafa ɗaya a asibiti, ɗaya a cikin gida da wurin sana'a. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya bunƙasa shi saboda yawan sojojin da suka dawo da raunuka. A Ingila, Dakta Elizabeth Casson ta buɗe makarantar farko a Biristol a 1930, sannan aka kafa tarayyar jami'an OT ta duniya, WFOT, a 1952.

Tambaya daga wani ɗalibi da ya samu gurbi: Me ake karantawa a ciki? An tsorata ni da ilimin sassan jiki, an ce shi ne ke kayar da mutane.

Amsa: Malam, barka da samun gurbi. Shekarun farko na harsashi ne: ilimin sassan jiki, yadda jiki ke aiki, ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, motsin gaɓoɓi, halayyar ɗan Adam, da yadda mutum ke girma tun daga goyo har tsufa. Daga nan sai lalurori da yadda ake auna su da yadda ake tunkararsu: shanyewar ɓarin jiki, raunin laka, ƙuna, amosanin gaɓɓai, yanke hannu ko ƙafa, otizim, yaran da ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni a wajen haihuwa, ciwon damuwa, taɓin hankali, cutar mantuwa. Akwai darussan bincike da ƙididdiga, kuma a ƙarshe akan rubuta kundi.

Ilimin sassan jiki yana da yawa, ba za mu ɓoye maka ba. Amma abin da ke kayar da ɗalibai shi ne haddar sunaye ba tare da sanin amfaninsu ba. Hannu kaɗai yana da ƙasusuwa 27: 8 a wuyan hannu, 5 a tafi, 14 a yatsu. Manyan jijiyoyi 3 ne ke tafiyar da shi, kuma duk sun fito ne daga wata saƙa ta jijiyoyi da ke tasowa daga lakar wuya, daga matakin C5 zuwa T1 (sunayen matakan laka ne, C na wuya, T na ƙirji). Kada ka tsaya a sunan. Ka koyi kowace jijiya ta abin da ke lalacewa idan ta samu rauni. Idan radiyal ce, wuyan hannu ya langaɓe ƙasa, mutum ya kasa ɗaga shi. Idan alna ce, ƙaramin yatsa da na kusa da shi su ƙanƙame kamar faratan shaho, riƙon makulli ya yi rauni. Idan midiyan ce, babban yatsa ya kasa zagayowa ya taɓa kan sauran yatsu, ɗaukar allura ko sa maɓalli ya gagara. Duk tsokar da ka karanta, ka nemo ta a jikinka ko a jikin abokin karatunka, ka ɗora yatsa a kai, a motsa gaɓar ka ji tana kumbura a ƙarƙashin fata. Abin da yatsanka ya taɓa ba ya saurin gudu daga kai.

Ga misali ɗaya da zai nuna maka dalilin wannan wahalar. Saki wuyan hannunka ya rataya ƙasa, za ka ga yatsun sun buɗe da kansu. Yanzu ɗaga shi ya koma baya, ba tare da ka sa wa yatsun ƙarfi ba, za ka ga sun lanƙwaso, babban yatsa ya matso kusa da manuni. Mutumin da lakarsa ta samu rauni a matakin C6 yana iya ɗaga wuyan hannu amma ba ya iya dunƙule yatsu, don haka da wannan lanƙwasar ta ɗabi'a yake riƙe buroshi ko biro. Ɗalibin da bai san haka ba, cikin tausayi, sai ya riƙa miƙar masa da yatsu sambal alhali wuyan hannun yana ɗage. Bayan makonni igiyoyin tsokar sun saki sun yi tsawo, ɗan riƙon da ya rage masa ya tafi, kuma dawo da shi abu ne mai wuya ƙwarai. Ƙa'idar ita ce: in za a miƙar da yatsu, wuyan hannu ya kasance a lanƙwashe ƙasa, in za a ɗaga wuyan hannu, a bar yatsun a lanƙwashe.

Abu ɗaya kuma da ɗalibai ke rainawa shi ne darussan lafiyar ƙwaƙwalwa, suna ganin surutu ne kawai. Kuskure ne babba. Mai shanyewar ɓarin jiki da ya ƙi tashi daga gado, sau da yawa damuwa ce ta danne shi ba raunin ƙafa ba, kuma wanda bai koyi gane hakan ba zai yi ta ƙara masa atisaye a banza.

Tambaya daga wani mahaifi: 'Yata tana son wannan karatu, kuma makarantu da yawa suna tallarsa, har da na ƙasashen waje. Ta yaya zan san wadda takardarta za ta yi amfani?

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri da ka yi wannan tambaya kafin a biya kuɗin makaranta, domin tun ran gini ake zane. Digiri kaɗai ba ya ba mutum izinin taɓa majinyaci, sai da rajista ko lasisi daga hukumar da ke kula da sana'ar a ƙasar da za a yi aikin. Saboda haka daga can za ku fara: ku yanke shawarar inda take son yin aiki, ku nemi jerin makarantun da hukumar wannan ƙasa ta amince da su, daga hukumar kanta ba daga takardar tallar makaranta ba.

Na biyu, WFOT tana da jerin kwasa-kwasan da ta amince da su a shafinta na intanet. Ku duba sunan kwas ɗin kansa, ba sunan jami'ar kaɗai ba, domin jami'a ɗaya tana iya samun amincewa a digiri na biyu ba ta samu a na farko ba. Ku duba kuma shekarun da amincewar ta shafa. Daga cikin sharuɗɗan WFOT akwai awa 1,000 aƙalla na sanin makamar aiki a ƙarƙashin kulawa. To ku tambayi makarantar kai tsaye: a waɗanne wurare ake tura ɗalibai, ɗalibi nawa ake ɗora wa mai kulawa ɗaya, kuma mai kulawar jami'in OT ne mai rajista? Makarantar da ta yi ta kwana-kwana a wannan tambaya, a yi hattara da ita. In da hali ku je ku ga ɗakin gwaji da idonku: akwai kwanon ɗumama robar ɗaurin hannu, kekunan guragu iri-iri, gado da banɗaki na koyon ɗaga majinyaci? Gani ya kori ji.

Tsarin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila digiri na farko shekara 3 ne, a Sikotilan 4, sannan a yi rajista da hukumar HCPC. A Afirka ta Kudu shekara 4 ne, sai shekara 1 ta hidimar al'umma. A Ostireliya ma akwai digirin shekara 4. A Kanada da Amurka kuwa da digiri na biyu ake shiga sana'ar. Amurka ta koma wannan tsari tun 2007, tana kuma buƙatar mako 24 na cikakken aiki a asibiti ko makamancinsa, da cin jarrabawar hukumar tantance jami'an OT ta ƙasar, NBCOT, da lasisin jihar da za a zauna. Wanda ya riga ya yi digiri a wani fanni yana iya shiga ta digiri na biyu na kimanin shekara 2 a ƙasashe da dama, amma galibi sai ya nuna ya ci darussan sassan jiki da halayyar ɗan Adam. Ku kuma tabbatar kwas ɗin na cikakken jami'i ne ba na mataimaki ba, sunayen suna kama da juna amma ikon aiki ba ɗaya ba ne.

Tambaya daga wata ɗalibar aji uku: Wata mai zuwa zan fara sanin makamar aiki a sashen farfaɗo da majinyata. Gabana yana faɗuwa. Me ya fi jawo wa ɗalibai matsala?

Amsa: Malama, faɗuwar gaban alama ce ta kin san nauyin abin. Matsalolin kusan iri ɗaya ne a ko'ina, kuma yawancinsu ba na rashin ilimi ba ne.

Ta farko ita ce gaggawar fara jinya kafin a saurara. Ɗalibi ya karanta fayil, ya ga sunan ciwo, ya shigo da tsarinsa a kai. Ki fara da hira. Akwai wani ma'auni da aka fitar a Kanada a 1991, ana kiransa COPM, inda majinyaci ke zaɓar matsaloli har 5 da suka fi damunsa, ya ba kowacce maki daga 1 zuwa 10 a kan yadda yake iya yinta da kuma gamsuwarsa da hakan. Idan aka sake aunawa aka ga ƙarin maki 2, ana ɗaukarsa ci gaba na haƙiƙa. Za ki sha mamakin abin da mutane ke zaɓa: kina tunanin tafiya, shi kuma babban burinsa ya shiga bayi ba tare da an raka shi ba. Bayan hira sai ki kalle shi yana yin aikin da gaske, kada ki tsaya a abin da ya faɗa. Mai rauni a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa yana iya rantse miki cewa lafiyarsa lau, sai ki ga ya aske gefen dama na fuska ya bar hagu, ko ya yi karo da ƙofa ta hagu. Ba makanta ba ce, ƙwaƙwalwar ce ta daina lura da wannan ɓangare, kuma shi bai san hakan ba.

Ta biyu ita ce awo marar tsari. In za ki auna ƙarfin riƙo da na'ura, majinyaci ya zauna, damtse a jikin haƙarƙari, gwiwar hannu a kusurwar digiri 90, a yi sau 3 a ɗauki matsakaici. Idan yau kin auna yana zaune, mako mai zuwa yana kwance, lambobin ba su da amfani. Haka ma'aunin kusurwar gaɓa: tsakiyarsa ya hau daidai kan gaɓar, ki rubuta ko shi ya motsa da kansa ko ke kika motsa masa. Ƙarfin tsoka kuma daga 0 zuwa 5 ake ba shi maki, 3 na nufin yana iya ɗaga gaɓar gaba ɗaya ta rinjayi nauyinta amma ba ya jure turi.

Ta uku, wadda ta fi haɗari, ita ce ɗaga majinyaci daga gado zuwa keke. A ja birki, a kawar da matakan ƙafa, a ajiye keken ta ɓangaren da ya fi ƙarfi, ƙafafunsa su taka ƙasa sosai kafin ya yunƙura. Kada ki taɓa jan hannun da ya shanye, kada ki ɗaga shi ta hammata. Tsokokin da ke riƙe kafaɗar sun saki, ja ɗaya yana iya jawo ciwon da zai hana shi atisaye na watanni. Idan kina shakka, ki kira mai kula da ke. Ba wanda ake kayarwa don ya nemi taimako, amma ana kayar da wanda ya yi gaban kansa.

Robar ɗaurin hannu kuwa sai da maimaici. A zana hannun a kan takarda, a yanka, a gwada takardar a hannun tukuna kafin a taɓa robar, domin robar da aka yanke ba ta komawa. A ɗumama ta a ruwa mai zafin digiri 60 zuwa 70 a ma'aunin Salshiyos, a tsane ta da tawul, ki ɗora a fatarki ki ji zafin kafin ta taɓa majinyaci, musamman wanda ba ya jin taɓi. Ki shafa ta da tafin hannu, kada ki danna da kan yatsu, domin kowane danni rami ne da zai ci fata. Tsawonta ya kai kashi 2 cikin 3 na sangalin hannu. In ta wuyan hannu ce kawai, ta tsaya ƙasa da layin tafi na kusa da yatsu, in ta wuce shi yatsun ba za su lanƙwasa ba, sai su sandare. Bayan ya sa ta na minti 20 zuwa 30 a cire a duba fata, musamman kan ƙashin nan da ya turo a wuyan hannu ta gefen ƙaramin yatsa. Jan da bai baje ba cikin kimanin minti 20 yana nufin wurin ya matse. A nan ɗalibai sukan cusa soso a ciki, wanda ƙara matsi yake yi. Abin yi shi ne a ɗumama wurin a turo shi waje.

Sai rubutu. Abin da ba a rubuta ba, a idon hukuma ba a yi shi ba. Ki rubuta abin da majinyaci ya ce, abin da kika gani kika auna, fahimtarki, da shirin gaba, a ranar ba washegari ba. Kada ki rubuta cewa zai samu sauƙin sa tufafi. Ki rubuta cewa cikin mako 2 zai sa riga mai buɗaɗɗen gaba yana zaune, cikin minti 5, ba tare da an kama masa ba. Kuma sirrin majinyaci amana ne: ba hoto, ba labari a Facebook ko WhatsApp, ko da an ɓoye suna.

Tambaya daga wani mai karatu: Akwai aikin yi kuwa bayan an gama?

Amsa: Buƙata tana da yawa, Malam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 2.4 suna da lalurar da aikin farfaɗowa zai amfana, kuma mutum biliyan 1.3, kimanin kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, suna rayuwa da babbar nakasa. Amma buƙata daban, gurbin aiki daban, kuma yawan guraben ya danganta da ƙasa. Wuraren aikin sun haɗa da asibitoci, asibitocin ƙwaƙwalwa, makarantu, gidajen kula da tsofaffi, ziyarar gida-gida, masana'antu, da ƙungiyoyin agaji. Inda ba a san sana'ar sosai ba, sabon jami'i zai sha bayyana wa likitoci da iyalai abin da yake yi kafin a fara turo masa majinyata. Shawararmu ita ce aikin farko ya kasance inda akwai babban jami'in OT da zai duba aikinka, ko da wani wurin ya fi tsoka.

Tambaya daga wata mai jiran fara karatu: Ina da wata 4 a gida kafin a buɗe makaranta. Me zan yi da su?

Amsa: Ƙanwarmu, in kin samu izini ki je ki kalli jami'in OT yana aiki na 'yan kwanaki, a wuri biyu mabambanta in zai yiwu, ɗaya na yara ɗaya na manya. Jami'o'i da yawa suna tambayar wannan a wajen tantancewa. Ki kuma lura da kanki: aikin ya ƙunshi taimaka wa baƙo a banɗaki, da jiran mutum ya sa maɓalli ɗaya cikin minti 3 ba tare da kin kai hannu kin sa masa ba. Wannan jiran ya fi ƙarfin mutane da yawa masu kirki, domin tausayi yana tura hannu, shi kuma majinyaci ta wahalar maɓallin nan yake koyo.

Sannan ki fara koyon warware aiki dalla-dalla, wanda shi ne ƙashin bayan karatun duka. Ki samu littafin rubutu, kullum ki ɗauki aiki ɗaya. A ce goge haƙori. Rubuta matakan: isa wurin, tsayuwa ba tare da tangaɗi ba, gane buroshinki cikin na wasu, murɗe murfin man da yatsu uku, matsa shi daidai gwargwado, tuna wane mataki ke bin wane, kai hannu baki, juya wuyan hannu, jure kumfa da ɗanɗano, kurkurewa ba tare da an shaƙe ba. A gaban kowane mataki ki rubuta gaɓar da ke motsi, da abin da ido da ƙwaƙwalwa ke yi. Sai ki sa hannun da kika fi amfani da shi a aljihu ki sake yin aikin da ɗayan, ki ga inda kika maƙale. Mai yiwuwa a murfin ne. Ki nemi hanya 3 ta wuce wurin: riƙe kwalin man tsakanin gwiwoyi, sauya shi da mai murfin ɓallewa, ko matsa man a bakin kwano a dangwala. Washegari ki ɗauki buɗe ƙofa da makulli, jibi ɗaura igiyar takalmi, gata sauka daga gado ido a rufe. Ki tafi da littafin zuwa makaranta, za a buƙace shi tun zangon farko.